Akwati na Uku

Wata biyar ke nan rabon da Baba ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini. Barkono yake ce mini tun ina rarrafe, kuma duk wanda ya taɓa yini guda da ni ya san bai yi mini ƙage ba. Yanzu in na shiga falo sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, Malama," kamar yadda yake yi wa masu zuwa karɓar saƙo a zamanin da yake aiki a gidan waya. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa. Abin da likitan ya kasa gaya mana shi ne dalilin da ya sa ciwon ya rufto masa gaba ɗaya cikin mako biyu, mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana riƙe da lambar akwatin wasiƙar kowa a ka.

Abin da ya rage mana na Baban da muka sani yana cikin wata tsohuwar laftof baƙa mai nauyin bulo. Tun da ya yi ritaya, kullum ƙarfe bakwai na safe yana gabanta a teburin cin abinci, wai yana rubuta littafi a kan aikin gidan waya. Shekara goma ana abu ɗaya, ba wanda ya taɓa ganin ko shafi guda. In Mama ta matsa masa sai ya ce ba a buɗe wasiƙa kafin ta isa hannun mai ita.

Ni na raba shi da laftof ɗin, kuma a lokacin gani nake gata na yi masa. Ta tsufa ta yi nauyi, in an kunna ta sai ta yi minti arba'in tana huci kafin ta buɗe. Baba zai zauna ya ƙura wa allon ido, shayinsa ya huce, ko gaishe shi ka yi ba zai ɗago ba sai ta buɗe. Wata safiya raina ya ɓaci, na fizge cajar daga soket, na naɗe, na ɗora komai a saman durowar kayana. Na ce, "Baba, ka huta hakanan. Littafin nan ba gudu zai yi ba." Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe. Bai sake tambayarta ba.

Ina koyar da 'yan aji biyar a firamare. Da jarrabawa ta matso, na gaji da bin layin kwamfuta ɗaya tilo da muke da ita a ofishin malamai, sai na tuna da ta saman durowa. Na kakkaɓe ta na kai wa malamin kwamfuta na makarantarmu, wani dattijo mai furfura da yara suka sa wa suna Malam Danna-Nan, don duk tambayar da ka yi masa amsarta ke nan. Ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya sa kunne ya saurari fankarta.

Ya ce, "Malama, lafiyarta lau. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi."

Ya buɗe aljihun teburinsa ya ciro wani ɗan filash ja da aka ɗaure wa zare. Ya ce a ciki akwai wata manhaja, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya tun daga kunnawa, amma mara nauyi, an yi ta ne musamman don tsofaffin injuna. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta ta, a buɗe take, duk mai ilimin abin yana iya leƙa cikinta ya gyara, kuma ba a sayar da ita.

Na ce, "Malam, araha ma ba ta ado, balle kyauta."

Ya yi dariya. "Shi ya sa ba sai kin aure ta ba. Ki soka filash ɗin, ki kunna, ki riƙa danna wannan maɓallin na sama. Za ta ba ki zaɓi biyu. Na farko gwaji ne, daga filash za ta yi aiki, ba ta taɓa komai na cikin injin. Na biyu ɗorawa ne. In kika bi shi ido rufe kina danna e, e, e, za ta share duk abin da ke ciki ta zauna."

"Littafin Babana yana ciki."

"To ki bar na biyu tukuna."

"Kuma akwai kalmar sirri. Mai ita ya manta, mu kuma bai taɓa gaya mana ba."

Ya miƙo mini filash ɗin. "Ki je ki danna dai ki gani."

Ya so mu gwada nan take, na ƙi. Ba zan buɗe cikin mahaifina a ofishin malamai ba, inda ko atishawa ka yi sai ta riga ka isa gida.

Ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa laftof ɗin a teburin da ta saba zama. Batirinta ya daɗe da mutuwa, cajar kuma ba ta kamawa sai an tokare ta da wani abu, don haka na tokare ta da gwangwanin madara kamar yadda Baba yake yi. Mama tana ninke wanki a kan kujera. Yayana, Dogo, makaniki ne, ya biyo ta gidan da baƙin mai a farcensa, ya tsaya a kaina kamar shi aka kira. Baba yana waje a baranda da rediyonsa.

Na yi yadda aka ce. Baƙin allo ya fito da layi biyu na Turanci. Kafin in gama karanta na farko, sai ga yatsan Yaya ya sauko kan madannai.

"Ɗora kawai za ki yi a wuce wurin. Injin da ya shaƙe wanke shi ake yi."

Na make masa hannu. Rabon da in daki Yaya tun muna rigima a kan keke, kuma ko a lokacin ni na sha kashi. Ya tsaya yana kallona baki buɗe. Kibiyar ta riga ta sauka kan layi na biyu, saura dannawa ɗaya. Na mayar da ita sama a hankali, na ce, "Yaya, kar garin gyaran gira mu rasa ido. Ka koma can ka zauna."

Na danna gwaji, na miƙe da niyyar ɗora ruwan zafi, don na san halinta. Ban kai ƙofar kicin ba Mama ta ce, "Ke, zo ki gani."

Ta buɗe. Allo shuɗi fes, 'yan hotuna huɗu a gefe, agogo a ƙasa. Fankar da ke huci kamar tsohuwar babbar mota a kan tudu ta yi tsit. Na taɓa kibiya ta tafi, na buɗe wurin rubutu ya buɗe kafin in ɗauke yatsa. Na rufe na sake buɗewa don in kama ta da ƙarya, ba ta yi ba. Ko minti ɗaya ba a yi ba tun da na danna.

Mama ta ajiye zanen da ke hannunta. "Ita ce kuwa? Ba musanya miki malamin ya yi ba?"

"Ita ce, Mama. Ga tabon kofin Baba nan a gefe."

Yaya ya matso, wannan karon hannayensa a baya. Ya ce, "Minti arba'in fa tsohon nan yake zama."

Maganar ta soke ni. A cikin hotunan gefen akwai ɗaya mai kama da ƙaramar akwati, an rubuta girman ma'ajiyar injin a ƙasansa. Na danna shi ina jiran a tambaye ni kalmar sirri. Ba wanda ya tambaye ni komai. Foldoji suka zubo reras, da sunayen da Baba ya ba su da hannunsa.

Tsoro ya kama ni, na kira Malam Danna-Nan a waya. Ya ce, "Ai kalmar sirrin ƙofar tsohuwar manhaja take gadi. Ke kuwa ta wata ƙofar kika shigo, kayan ɗakin kuma ba a kulle suke ba. Ki kwashe abin da kike so."

Yaya ya ce, "Shekara goma muna girmama kwaɗo, ashe taga a buɗe take."

Ga folda nan an rubuta Littafi. Mama ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, har tana gyara ɗankwali kamar za ta karɓi baƙo. Na buɗe. Fayil ɗaya ne a ciki. Shafi uku. Ya fara da ranar da aka ɗauke shi aiki, ya bayyana ɗakin rarraba wasiƙu da ramukansa na katako, ya zo kan yadda ake buga hatimi, sai ya tsaya a tsakiyar jimla. Kwanan watan da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe shekara shida ke nan.

Na gangara ƙasa, na koma sama, na sake gangarawa. Shafi uku ne.

Mama ta ce a hankali, "To me yake yi kullum da safe?"

Yaya ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. "Ƙila karta yake bugawa da injin."

Ba wanda ya yi dariya. Ni haushi ne ya fara taso mini, irin nawa na kullum. Shekara goma ana hana mu motsi da safe, ana cewa a rage murya Baba na rubutu, a kan shafi uku? Amma ruwa ba ya tsami banza. Na koma baya na jera foldojin bisa kwanan wata. Wadda ta hau sama sunanta Rabon Safe, kuma rabon da a buɗe ta tun ana gobe zan fizge caja.

A ciki akwai foldoji goma sha huɗu, Akwati na 1 har zuwa Akwati na 14, a jere kamar ramukan gidan waya. A samansu fayil biyu, ɗaya Rajista, ɗaya kuma an rubuta da manyan baƙaƙe, FARA DA WANNAN. Na buɗe shi. Rubutun manya ne, layi kaɗan.

"Kai ne mai gidan nan. Ka yi aiki a gidan waya, ka yi ritaya. Kana da mantuwa, ba su sani ba. Ka bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya kafin ka yi magana da kowa. Kada ka yi sauri. Wasiƙa ba ta ɓata sai an yi gaggawar jefa ta."

Na karanta a fili, don idon Mama ba ya ganin allo. Mama ta dafa tebur da hannu biyu. Daga baranda muna jin rediyo yana ta surutunsa.

Akwati na ɗaya hoton Mama ne, wanda aka ɗauka a bakin ƙofar kicin ba ta shirya ba. A ƙasa ya rubuta: "Matarka ce, shekara arba'in da huɗu da aure. Ba ta shan sukari. Gwiwarta ta hagu ke ciwo, ka tambaye ta kullum. In ta ce ka tuna kaza, ka ce e, ka yi murmushi, za ta ƙarasa labarin da kanta. Ba ta son a gode mata a gaban mutane, amma tana so a gode mata."

Mama ta ce, "Kullum sai ya tambaye ni gwiwar nan. Kullum." Ta kai hannu ta shafa gwiwar kamar yanzu ta san da ita. "Ni kuwa har cewa nake tsufa ya sa masa tausayi."

Akwati na biyu Yaya ne, hotuna biyu, ɗaya da gemu ɗaya babu. "Babban ɗanka, Dogo. Makaniki. Yana aske gemu ba sanarwa, kada ka ruɗe, ka duba tabon da ke girarsa. Ɗansa na fari ya rasu. Kada ka tambaye shi ina yaron. Na taɓa tambaya sau ɗaya, na ga fuskarsa."

Yaya ya ja da baya daga teburin. Ya juya ya fita ta ƙofar baya, na ji ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba.

Na san na uku nawa ne. Na tsallake shi. Na buɗe na Auta, na buɗe na jikoki, na maƙwabcinmu mai shago, na likitansa, har da na wanzamin da ke zuwa yi masa aski. Kowa da hotonsa, da abin da za a ce masa, da abin da ba za a ce ba. Wasu an gyara su sau ɗari. Shekara shida mutumin nan yana tashi kowace safiya a cikin baƙi, ya zauna ya rarraba mu cikin ramukanmu, sannan ya ɗago ya ce, "Barkono, kin tashi lafiya?" Mu kuma muna yi masa tsiyar littafin da ba ya ƙarewa.

Mama ta ce, "Buɗe naki."

Hoton ranar da na fara koyarwa ne, na haɗe rai don ya sa ni tsayawa a rana. "'Yarka ce, mai bin Dogo. Barkono kake ce mata, kai kaɗai. Malamar makaranta ce. Za ta yi maka faɗa a kan magani da kan shayi mai sanyi. Kada ka ji haushi, in ta tsorata ne take faɗa. Ita ce za ta fara ganewa, ka yi hankali da ita. In ranar ta zo, ita za ka ba makullin injin nan."

Ban gane komai ba, Baba. Ko kusa ban gane ba.

Saura Rajista. Layi ɗaya ne kowace rana, kamar littafin da suke cikawa a wurin aiki: kwanan wata, ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya gama, sunan wa ya ɓace masa. Na gangara can ƙasa. A watannin ƙarshe ya ƙara wani abu, mintocin da injin ke ɗauka kafin ya buɗe. Ashirin da biyar. Talatin. Talatin da takwas. A gefen wata rana ya sa: "Ta shigo ta gaishe ni kafin ya buɗe. Ban ɗago ba, don ban san ko wace ce ba." Layin ƙarshe ya fi sauran tsawo.

"Minti arba'in da ɗaya. Barkono ta ce in ya sake yin haka za ta ɗauke shi. Na so in gaya mata, kunya ta hana ni. Bara da caja ta lalace na yi kwana huɗu lafiya, a na biyar sunan Auta ya ɓace mini. In na dage ina maimaitawa a zuci, ina jin zan riƙe na cikin gida kwana tara."

Na ɗauko wayata na buɗe kalanda. Ranar da na fizge caja ita ce washegarin layin ƙarshe na Rajista. Ranar da ya fara ce mini Malama ba zan manta ta ba, ranar taron iyayen yara ce, na dawo a gajiye ya miƙe ya ba ni kujera. Na ƙirga da yatsa a kan allo, na sake ƙirgawa. Kwana goma sha ɗaya. Ya ƙara biyu a kan abin da ya yi wa kansa alkawari.

Na kifa kaina a kan teburin na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da likita ya faɗi sunan ciwon. Na ji kunya, na ji tsoron kaina. Da a ce a wancan watan na kai ta wurin Malam Danna-Nan maimakon saman durowa, filash ɗin nan ja yana kwance a aljihun teburinsa tun lokacin. Minti ɗaya kawai Baba yake nema. Mama ba ta ce mini ba laifina ba ne, don ba ta iya ƙarya. Ta dai ɗora hannunta a bayana ta bar shi a nan.

Da yamma Yaya ya fita ya dawo da filash sababbi guda biyu, ya ajiye a gabana ba tare da ya kalle ni ba. Na kwafe Rabon Safe a duka biyun, na tura wa Auta kwafi na uku. Malam ya ce in bar jan filash ɗin a jiki tukuna, ta ci gaba da tashi daga gare shi, ɗorawa sai ranar Litinin a gabansa. Tambayoyin jarrabawa kuwa na koma bin layi.

Washegari ƙarfe bakwai saura na tokare caja da gwangwanin madara, na kunna, na buɗe FARA DA WANNAN. Na je na kamo hannun Baba na zaunar da shi. Ya kalli laftof ɗin, ya shafa tabon kofin da babban yatsa. Hannunsa na dama ya tafi kan madannai da kansa, ba wanda ya nuna masa.

Ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Ya buɗe akwati na ɗaya, ya daɗe, ya ɗago ya dubi Mama da ke tsaye a ƙofar kicin, ya sake duban allo. Ya wuce na biyu. Da ya zo na uku na ja baya na tsaya inda haske zai faɗo a fuskata, na haɗe rai kamar na hoton.

Ya karanta har ƙasa. Ya kalli hoton, ya kalle ni, ya koma kan hoton. Sannan ya gyara zama.

"Malama, kin san yarinyar nan?"

"Na san ta, Baba."

"In kin gan ta, ki ce ta dawo mini da injina. Ina da rabo da safe, mutane na jira."

Na ce, "Ta dawo da shi. Ga shi a gabanka."

Ya dubi laftof ɗin, ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa jakar wasiƙu a makare amma ba abin da ya ɓata. Ya ce, "To madalla. Me ya riƙe ta haka?"

Na ƙara masa girman rubutun, na jawo kujera na zauna a gefensa, muka koma akwati na ɗaya.